Ƙugun Taɓaryar Gwaggo Tasalla

Jiya ma sai da wani daga cikinku ya tsaya a bakin shagon nan, hannu cikin aljihu, yana kallona ina yi wa ƙafar gado ado. Da na ɗaga ƙarfen daga jikin itacen, zanen ya fito a zagaye tsaf, sai ya ce, "Baba Ɗanlami, ashe dai inji ke yin aikin, kai dannawa kawai kake yi." Ban ji haushinsa ba. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma da gemuna na faɗa, ba da ƙuruciya ba. Tunda an ɗauke wuta, ku jawo benci ku zauna in ba ku labarin yadda dannawa kawai ta kusa tashina daga sana'ar ubana.

A Tafashiya aka haife ni, gidan sassaƙa. Mahaifina, Malam Garba, turmi da taɓarya da akushi yake yi, kayan aikinsa kuwa gatari da gizago ne, sai wuƙa. Aikin farko da ya fara damƙa mani shi ne gyaran jikin taɓarya. Shi zai sassaƙe ta, ni kuma in zauna da fasasshiyar kwalba ina kankarewa, in bi da ganyen baure ina gogewa har yatsuna su mutu. In na kawo masa, ba ya ko kallonta. Rufe ido yake yi, ya zura ta cikin tafinsa daga sama har ƙasa, in ya ji ɗan tudu ko da kamar ƙwayar gero ne sai ya miƙo mani ita in sake. Shekara biyu ina wannan aikin kafin ya bari na riƙe gizago. Ranar da na gaji na ce masa ai ba wanda zai ga wannan ɗan tudun, cewa ya yi, "Mata ba su sayen taɓarya da ido." Na ɗauki maganar a matsayin irin ta tsofaffi, wadda ake ce wa to, a wuce.

Bayan ya rasu sana'ar ta fara ja da baya. Roba da silba suka kori akushi, injin niƙa da na surfe suka shiga ƙauyuka, gidan da a da ake sayen turmi biyu ya koma ɗaya ma sai ya tsage. Na tattara na dawo Kankia, na kama wannan shagon na bakin titi, na sayar da bijimin da nake kiwo na sayo tsohon injin tanin daga Kano, wannan da kuke gani, mai juya itace kai kuma kana fere shi da ƙarfe mai kaifi da muke kira cizal. Da shi na koma yin ƙafafun gado da na tebur wa kafintoci. Amma turmi da taɓarya ban bar su ba, don duk ranar kasuwar Kusada akwai matan da ke nemana a inda ubana yake zama, kuma su ne gindin abincina. Kafinta yau yana nan, gobe ya sami mai araha. Matan Kusada kuwa tun ina goye suke sayen kayan gidanmu.

Wata rana na je Kano sayen bel ɗin inji, sai na ga wani mai tanin ya ɗauko wani ƙarfe mai mariƙi, a bakinsa an ɗaura ɗan faifai mai haƙora wanda ke juyawa da kansa. Ya danna shi a jikin itace yana juyawa, aka ji ƙirrr, ya ɗaga. Kafin in haɗiye yawu zane ya zagaye itacen, irin wanda in da wuƙa ne sai ka wuni ba ka gama ba. Na tambaye shi sunan abin, ya faɗa mani da Turanci, kafin in kai tasha na manta. Da na dawo na sami Iliya mai walda da ke bayan shagon nan, muka ciro wani ɗan faifai mai haƙora daga cikin mataccen keken ɗinki, ya zura masa ƙusa a tsakiya, ya ɗaura a kan guntun rodi, ni kuma na yi masa ƙota da marke. Muka raɗa mata suna 'yar haƙora, har yau haka nake kiranta.

Ranar gwajin farko na saki inji da gudunsa duka, na danna ta da ƙarfi kamar mai tura amalanke. Ta fizge daga hannuna, ta tashi sama, ta huda kwanon rufi. Ga ramin can, ku ɗaga kai, da gangan ban toshe ba. Iliya ya leƙo ta taga ya ce, "Maigida, ado za ka yi ko harbin tsuntsu?"

Na ɓata itace ya fi a ƙirga kafin in gane halinta. Ba ta son gudu, sai ka rage wa inji ƙarfi. Ba ta son ɗanyen itace ko mai laushi, tsefe shi take yi ya yi gashi-gashi. Amma ka ba ta ƙirya busasshiya ko maɗaci ko marke, nan za ka ga haƙoranta sun zauna raɗau. In ka riƙe ta a miƙe, layuka za ta jera maka kamar tsani. In ka ɗan karkata ta, zanen sai ya murɗe kamar igiya. In ka karkata dama ka dawo ka karkata hagu a wuri guda, ya fito gida-gida irin saƙar faifai. Kuma sau ɗaya ake shiga. In ka ɗaga hannu ka ce bari in ƙara, haƙoran ba za su koma cikin sawunsu ba, sai su tattake na farko, ka tashi da abin da ya yi kama da inda kaji suka yi tono. Bayan an gama sai ka yanka siririn layi sama da ƙasa don zanen ya sami iyaka, ka ɗora waya a kan layin itacen na juyawa har ta ƙona shi ya yi baƙi, ka share da burushi, ka shafa man gyaɗa. Wannan duka shi kuke kira dannawa.

Da hannuna ya faɗa, sai kasuwa ta buɗe. Na jera akusa masu ado a bakin titi, motocin da ke tsakanin Kano da Katsina suka fara tsayawa. Wani Alhaji ya kwashi shida, ya ce ba tuwo zai ci a ciki ba, a falo zai jera su. Ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. To, ni dama kaina ba shi da wuyar kumbura. Daga ranar kusan duk abin da ya shigo hannuna sai ya sha haƙora. Kujerar tsuguno ta sha, sandar liman ta sha, ƙotar fartanyar maƙwabcina da ya kawo in ɗaure masa ita ma ta sha. Har muciyar matata Hajara na ɗauke ba ta sani ba na zane ta tun daga sama har ƙasa. Da daddare ta tuƙa tuwo da ita, da safe ta nuna mani, tuwo ya bushe a cikin kowane rami.

"Malam, wannan da mi zan wanke ta, da allura?"

Na ce mata ta dai ƙara ƙoƙari, ado sai da wahala. Ta dube ni, ta jefa muciyar a murhu, ta aika aka aro ta maƙwabta. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi ba ta san kaya ba.

Sai na sami ƙirya mai kyau daga wajen Sukuntuni, busasshiya, wadda za ta ba ni taɓare goma sha biyu. Ina fere ta farko sai wata dabara ta faɗo mani, na ji har tsigar jikina ta tashi don jin daɗin kaina. Na tuna mariƙin babur. Ai ba sumul yake ba, gurza-gurza aka yi masa don kada hannu ya zame. To me ya sa tun kaka da kakanni aka bar ƙugun taɓarya da santsi, mata na fama, gumi na sa tana sulluɓe masu? Na ce lallai masassaƙan da ba su da 'yar haƙora ne shi ya sa. Na bi ƙugun taɓaren nan goma sha biyu, daidai inda ake riƙewa, na zuba masu zanen gida-gida mai zurfi, na ƙona layuka, na shafe da mai. Wallahi sun yi kyau. Ko yanzu na tuna sai in ce sun yi kyau.

A kasuwar Kusada kafin azahar an kwashe goma sha ɗaya. Cikin masu saye har da Gwaggo Tasalla mai fura. Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, furar nan da take kirɓawa kullum da ita take riƙe da gida, kuma tun tana amarya taɓaryar ubana take amfani da ita. In Gwaggo Tasalla ta ce kaya na da kyau, matan garin ba sa ƙara tambaya. Ta ɗauki ɗaya, ta shafa ƙugun.

"Ɗanlami, wannan ƙaiƙayin na mine ne?"

"Sabon yayi ne, Gwaggo. Ba za ta ƙara zame maki ba. Haka ake yi a birni."

Ban taɓa ganin an yi haka a birni ba, bakina ne kawai ya tafi. Ta sake shafawa, ta ce, "To, ɗan Malam Garba ba ya ba ni abin banza." Ta saɓa a kafaɗa ta tafi. Sauran matan da suke jira su ga abin da za ta yi suka rufa wa taɓaren.

Da kasuwa ta zagayo na dawo da wasu sababbi, har na sayi sabuwar hula. Ina cikin jera kaya sai na ga mutane suna darewa. Gwaggo Tasalla ce tafe, babu ƙwaryar fura a kanta, hannayenta biyu naɗe da tsumma, a bayanta mata bakwai ko takwas kowacce da taɓaryata a kafaɗa. Suka zube su a gabana ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance tsumman hannun dama ta buɗe mani tafinta. Hannun da ya shekara arba'in yana daka, wanda kantarsa ko ƙaya ba ta shiga, ya ɗuri ruwa ya fashe, tsakanin babban yatsa da manuni ya zama jan nama.

"Kwana huɗu ban kirɓa hura ba," in ji ta. "Masu saye na sun koma gidan wata. Mi na yi maka, Ɗanlami?"

Na fara kame-kame, na ce wataƙila riƙon ne ba ta saba ba, a hankali hannu zai saba.

"Ka taɓa daka?"

"Haba Gwaggo, ni da nake namiji."

"Ban tambaye ka ko mi kake ba. Ka taɓa daka?"

Na ce a'a. Shekara talatin ina yin taɓarya, ban taɓa ɗaga ta na sauke a cikin turmi da hatsi a ciki ba. Ta juya ta karɓi tiya guda ta gero a hannun wata, ta juye a cikin sabon turmin da na kawo sayarwa, ta sa aka yayyafa ruwa, ta nuna taɓaryar da ƙafa.

"Surfa mani. In ka surfe shi hannunka lahiya lau, ni ce ban iya ba, in ba ka haƙuri gaban kowa."

Kun san yadda kasuwa take. Kafin in naɗe hannun riga, masu awo sun bar buhunansu, mahauta sun taso da wuƙaƙensu a hannu, har wani ya hau kan amalanke don kada a ba shi labari. Na so in ƙi, amma in na ƙi na amsa laifi ke nan, ni kuma har lokacin ina ganin ina da gaskiya. Na kama na fara. Bugu goma na farko har ina murmushi. A nan na gano abin da kowace yarinya 'yar shekara bakwai ta sani. Ashe ba a damƙe taɓarya. In ka ɗaga ta sai ka sassauta, ta zame cikin tafinka ta faɗa da nauyinta, ka tarbe ta in ta dawo. Santsin nan da na ce zan yi magani, shi ne aikin. Duk saukowa sai zanena ya bi ta cikin hannuna kamar magagari. Kafin dusa ta fara fita tafina ya yi zafi, can ya kumbura, can na ji abu ya fashe. Sabuwar hular ta faɗa cikin turmin. Wani daga cikin mahauta ya ce, "A yi mashi guɗa mana!" Wata tsohuwa kuwa ta rangaɗa.

Ban kai rabi ba na saki. Gwaggo Tasalla ba ta yi dariya ba, ita kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ce, "Ubanka, Allah shi jiƙan shi, bai taɓa kawo taɓarya kasuwa ba sai ya kai ma uwarka ta yi daka da ita. Kana gidan, ba ka gani ba?" Ina gidan. Na sha gani, na ɗauka aro take yi. Kunyar wannan maganar ta fi ta guɗar zafi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kusan sati uku ban iya riƙe cizal ba, Hajara ke ɗaure mani hannu da man kaɗe, kuma Allah ya saka mata, sau ɗaya kawai ta ambaci muciya. Kafintocin da ke jiran ƙafafun gado suka kai aikinsu wani wuri. Na karɓi taɓaren nan duka na feffere ƙugunsu, sai suka sirance, biyu suka karye a hannun masu su, abin ya ƙara lalacewa. Labari ya kai Sukuntuni, ya kai Tafashiya garinmu. Aka sa mani suna Ɗanlami Magagari, aka ce har cikin waƙar daka an saka ni. Sai in kai kaya Kusada in wuni, mata su zo su wuce ta gabana su sayi na wani mutumin da ko gizago bai iya wasawa ba. Turmi ma, da ban taɓa shi da 'yar haƙora ba, suka daina saye. Damina ta zo na rufe shago na koma gona, ina tunanin ko in sayar da injin in huta.

Bayan an yi girbi na fere taɓarya guda ta ƙirya, na goge ta da samfefa, na bi da ganyen baure kamar yadda aka koya mani, ban sa mata ko ɗigo ba. Na hau mota zuwa Kusada ranar da ba kasuwa, na yi sallama a ƙofar gidan Gwaggo Tasalla. Ta fito zaure, na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo ne ta koya mani sana'ar ubana.

Sai ta sa aka mirgino turmi, ta shafa bayan tukunya da tafukanta biyu har suka yi baƙi ƙirin, ta karɓi taɓaryar ta fara daka. Ta yi kamar bugu talatin, tana canja hannu, har ta cilla ta sama ta tafa ta cafe, don dai in san da wa nake. Da ta tsaya ta miƙo mani. Baƙin tukunya ya kwanta a jikin itacen, ya nuna duk inda hannu ke kaiwa da komowa. Na auna, ya fi taƙi uku, ninki biyu na abin da nake zato.

"Daga nan zuwa nan nawa ne," in ji ta. "Kawunan biyu kuma na hura ne, in ka sa masu rami dawo zai maƙale shi yi tsami. Abin da ya rage naka ne, ka yi haukanka."

Na duba abin da ya rage. Faɗin yatsa uku a sama, yatsa uku a ƙasa. Duk tsawon taɓarya, gonar da aka yanka wa gwanin da Alhaji ya yaba ke nan. Na koma Kankia na zuba zanen igiya a wannan yatsa uku-ukun, na ƙona layukansa, na wanke baƙin, na mayar mata. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ya yi kyau ba. Amma ranar kasuwa sai ga ta da ƙwaryar furarta, ta jingina taɓaryar a jikin rumfa kusa da ita, abin da mai fura ba ta yi, don ba a kasuwa ake kirɓi ba. Duk wadda ta zo sayen fura sai ta shafa ƙugun. A ranar na sayar da turmi biyu. Kafin shekara ta zagayo matan sun dawo mani, sai dai sunan Magagari bai tafi ba, har gobe akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Tun daga nan kafin in ɗora 'yar haƙora a kan komai sai na tambayi inda hannu zai bi da inda abinci zai taɓa. Akushi a baya ake yi masa, can ƙasa da baki. Sanda a ƙarƙashin mariƙi. Ƙafar gado kuwa ka sake jiki, ba mai daka da ita. In abu ya shige mani duhu, cikin gida nake aikawa a tambayo Hajara, kuma ba na jin nauyin ku ji haka.

Bara Allah ya yi wa Gwaggo Tasalla rasuwa. Bayan an share makoki da 'yan watanni sai ga ɗiyarta Binta, wadda ta gaji furar, ta sauka daga mota a bakin shagon nan da taɓaryar a hannu. Kai ɗaya ya tsage, tana so in rage shi in gyara. Na karɓa na juya ta. Zanena na nan sama da ƙasa, ya dushe, ya cika da tsohon gari. Ƙugun kuwa ya yi baƙi yana ƙyalli, ya ɗan lotsa daidai inda tafinta ke zama. Na rufe ido na zura ta cikin hannuna kamar yadda ubana yake yi, ban ji ko tudu ɗaya ba. Idona ya kawo ruwa, na ce ƙurar itace ce.

Na ɗaura ta a kan inji, na kai hannu zan kunna, sai Binta ta ce, "Baba, dakata." Ta ɗan sunkuyar da kai, tana jin nauyina.

"Inna ta bar saƙo tun tana kwance. Ta ce duk ranar da taɓaryar nan ta lalace, wurinka za a kawo, kada a kai ma kowa."

Na ji daɗi har na gyara zaman hula.

"Ta kuma ce in tsaya a kanka har ka gama, kada ka taɓa ƙugun."